Asibitin da Ake Koyon Komawa Gida: Abin da Na Gani a Japan

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a ƙasarmu ya san yadda labarin yake tafiya. Za a kwashi mutum a rikice a kai shi asibiti, a yi ta fama har jininsa ya sauka, bayan mako ɗaya ko biyu a sallame shi. Daga nan sai ƙuryar ɗaki. A shimfiɗa masa katifa, a ba shi abinci a baki, a yi masa wanka, a juya shi, 'yan dubiya su yi ta shigowa suna cewa Allah ya ƙara sauƙi. Shekara ta zagayo yana nan inda aka ajiye shi. Babu wanda ya ƙi shi. Kowa ƙaunarsa yake yi, sai dai ƙauna ce da ba a nuna mata hanya ba. Shi ya sa da tafiyar aiki ta kai ni ƙasar Japan, na kuma ji labarin wasu ɗakunan asibiti da aka keɓe musamman don mayar da irin waɗannan majinyata kan ƙafafunsu, sai na roƙi masu masaukina su kai ni in gani da idona.

Mutanen Japan sun san wannan ciwo farin sani. Daga shekarar 1951 zuwa 1980 shi ne kan gaba wajen kashe mutane a ƙasar, musamman a yankin arewa inda ake cin gishiri sosai, kafin ciwon daji ya sha gabansa a 1981. Da yaƙi da hawan jini da rage gishiri suka yi tasiri, mace-macen suka ragu, sai wata matsalar ta kunno kai: mutane sun daina mutuwa, amma sun kwanta sun kasa tashi. Asibitoci suka cika da tsofaffin da suka shekara a kan gado. A 1989 gwamnati ta fito da wani shiri na shekara goma don kula da tsofaffi, wanda a cikinsa har da gangamin kawar da kwanciyar dindindin. Daga cikin likitocin da suka nuna hanya akwai Dokta Makoto Ishikawa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa wanda ya juya akalarsa zuwa farfaɗo da majinyata a asibitin Chikamori da ke birnin Kochi. A shekarar 2000 hukuma ta shigar da irin wannan ɗaki cikin tsarin inshorar lafiya ta ƙasa, suna kiransa kaifukuki. Yau akwai gadaje fiye da 80,000 na irin wannan ɗaki a faɗin ƙasar, wadda kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura.

Asibitin da aka kai ni yana bayan garin Nagoya, tafiyar awa ɗaya da minti 40 daga Tokyo a jirgin ƙasa mai sauri. Tun da sanyin safiya muka isa, ni da tafintata. Abin da na fara lura da shi shi ne gadajen duk babu kowa a kansu. An gyara su tsaf, an ninke barguna. Masu gadajen suna can bakin famfo, wasu a tsaye suna dafe da ƙarfe, wasu a keken guragu, kowa yana wanke fuska yana goge haƙori. Ba wanda na gani da kayan barci. Shugabar ma'aikatan jinya ta bayyana mini cewa ƙa'idarsu ke nan: gado na barcin dare ne, abinci a ɗakin cin abinci ake ci, biyan buƙata a banɗaki ake yi ba a cikin ƙunzugu ba, kuma da gari ya waye kowa zai tuɓe kayan barci ya sa na yini, ko da kuwa babu inda za shi. A ganinsu, atisaye ba a ɗakin motsa jiki kaɗai yake ba. Tashi daga gado atisaye ne, zuwa banɗaki atisaye ne, ɗaga cokali ma atisaye ne.

A nan na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Wani dattijo da ɓarinsa na dama ya shanye yana zaune a bakin gado yana kokawa da rigarsa. An koya masa ya fara zura hannun da ya mutu cikin hannun riga, ya ja ta har kafaɗa da hannun hagu, ya zagayo da ita ta baya, sannan ya zura mai lafiyar. Idan cirewa ce kuma, mai lafiyar ne zai fara fita. Ya zo kan maɓallai. Na farko ya shiga da ƙyar, na biyu ya zille masa, ya sake kamawa, ya sake zillewa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wata matashiyar ma'aikaciyar jinya tana durƙushe a gefensa, ta ɓangaren da ya shanye, saboda ta can ake faɗuwa. Hannayenta suna kan gwiwoyinta. Ba ta taɓa rigar ba. Tana kiran sunan gidansu cikin ladabi irin nasu, tana ce masa ya bi a hankali, babu gaggawa. Aikin da za ta gama masa cikin ƙiftawar ido ya ci masa wajen kwata na awa. Da maɓallin ƙarshe ya shiga, ya ɗago kai ya dube ta, fuskar nan da gefenta guda ya karkace ta cika da fara'a. Daga baya na tambaye ta ko ba ta jin tausayinsa. Ta ce tausayin ne ya hana ta kai hannu, domin idan ta ɓalla masa yau, to ita za ta ɓalla masa gobe, idan ya koma gida kuma matarsa ce za ta gaji aikin har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai dalilin ilimi a bayan wannan haƙuri. Ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ko ƙafa ba. Ko dai wata jijiyar jini ta toshe, wanda shi ya fi yawa, ko ta fashe jini ya zuba, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ya lalace. Idan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓu, ɓarin dama na jiki ne zai shanye, haka ma akasin haka. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma Allah ya halicci ƙwaƙwalwa da ikon buɗe sababbin hanyoyi, sassan da suka tsira su karɓi aikin waɗanda suka lalace. Kamar hanyar gona ce: idan ana bin ta kullum sai ta fito fili, idan aka daina bi sai ciyawa ta cinye ta. Wannan iko ya fi ƙarfi a watanni uku na farko, ya ci gaba har wajen wata shida, daga nan sai ya yi sanyi, ko da yake ba ya tsayawa gaba ɗaya. Kwanciya kuwa tana da nata ciwon daban: tsoka ta zube, gaɓɓai su sandare, gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da duga-dugai, ƙirji ya kama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka da zarar majinyaci ya fita daga hatsari a babban asibiti, sai a dawo da shi nan. Tsarin inshora ya ba shi damar atisaye har awa uku a rana, wanda aka yanka gida tara, kowanne minti 20, mai koyarwa ɗaya da majinyaci ɗaya. A ɗakunan da suka fi daraja babu hutun Asabar ko Lahadi. Yana iya zama har kwana 150, idan ciwon ya taɓa tunani da fahimta sosai kuma har kwana 180. Masu koyarwar kashi uku ne. Akwai likitocin gashi, waɗanda muke kira fisiyo, su ne masu zama da tsayuwa da tafiya. Akwai masu koyar da ayyukan yau da kullum, irin su sa tufafi, wanka, girki da rubutu. Sai kuma masu gyaran magana da haɗiya.

Ɗakin motsa jikin faffaɗa ne, hasken rana yana shigowa ta ko'ina. Wata mata tana tsakanin ƙarafa biyu tana koyon taku, an sa mata takalmin roba mai tauri da ya riƙe idon sawunta don kada ƙafar ta riƙa jan ƙasa. Wani yana hawa matakala da sanda mai ƙafa huɗu, mai koyarwa yana tuna masa cewa ƙafa mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. A gefe guda akwai na'urar Welwalk, wadda kamfanin Toyota ya ƙera tare da Jami'ar Lafiya ta Fujita da ke kusa da Nagoya, aka fara ba asibitoci hayarta a 2017. Ana ɗaura ta a ƙafar da ta shanye, ta riƙa taimaka wa gwiwa tana lanƙwasawa da miƙewa, majinyaci yana kallon takunsa a allo. Na tsaya ina mamakinta, amma babban likitan gashin asibitin ya ja ni ya nuna mini wani tsoho da ke tashi daga kujera yana zama, yana tashi yana zama, yana ƙirgawa. Ya ce na'ura tana taimakawa, amma ginshiƙin aikinsu maimaici ne, kuma kujera da ƙarfen dafawa da mutum mai haƙuri sun isa a fara.

Lokacin cin abincin rana ya koya mini abubuwan da ban taɓa sani ba. Kowane tire da sunan mai shi, kuma abincin ba iri ɗaya ba ne. Na wani shinkafa ce sosai, na wani fate-fate, na wani an niƙa shi lukui. Ruwan shan wasu an zuba masa wani gari ya yi kauri kamar koko. Mai gyaran haɗiya ta ce da yawa daga masu wannan ciwo maƙogwaronsu ba ya rufe hanyar iska a kan lokaci, sai ruwa ko abinci ya sulale zuwa huhu ya haddasa ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su bayan sun tsallake bugun farko. Wasu ma ba sa ko tari idan hakan ta faru. Shi ya sa ake ɗaukar hoton maƙogwaro yayin da mutum yake haɗiya kafin a yanke irin abincin da za a ba shi, a zaunar da shi sosai, ya sunkuyar da haɓa, kuma a tsabtace bakinsa bayan kowane ci. Nan na tuna yadda muke ɗura wa majinyatanmu kunu da ruwa suna kwance rigingine, hankalina ya tashi.

A teburin da ke kusa da taga wani mutum ya cinye duk abin da ke ɓangaren dama na tirensa, ya ajiye tsinkayen cin abinci alamar ya gama, alhali kifi da miya suna nan a hagu bai taɓa ba. Idonsa lafiya lau. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa ne ya taɓu, sai ta daina lura da duk abin da ke hagu. Irinsa yakan aske rabin gemu, ya yi karo da gefen ƙofa. Ma'aikaciyar da ke kula da shi ba ta juya masa tiren ba. Ta manna jan ƙyalle a gefen hagu na teburin, ta ce ya juya kai ya nemo ja. Ya juya a hankali, ya ga kifin, ya yi dariya ya ci gaba da ci. A wani ƙaramin ɗaki kuma na zauna a bayan wata tsohuwar malamar makaranta da ciwon ya ƙwace mata kalmomi. An nuna mata hoton agogo, ta san shi sarai, tana nuna wuyan hannunta, amma sunan ya ƙi fitowa, sai hawaye. Hankalinta garau yake. Mutum nawa ne irinta a garuruwanmu aka ce sun ruɗe, ko an yi musu jifa, aka daina sa su cikin hira?

Ba da ka ake aikin ba. Ana auna kowane majinyaci da wani ma'auni mai suna FIM, wanda ke duba abubuwa 18: guda 13 na motsin jiki, kamar ci, wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tafiya da hawa matakala, guda 5 kuma na fahimta, magana, mu'amala da tunawa. Kowanne ana ba shi maki daga 1, wato sai an yi masa komai, zuwa 7, wato yana yi da kansa. Jimilla daga 18 zuwa 126. A kai a kai likita da ma'aikatan jinya da masu koyarwa da masaniyar abinci da jami'ar walwala sukan zauna su duba makin, su tsayar da buri na gaba da ranar sallama, sannan a kira iyali a yi musu bayani. Burin ba ya zama a dunƙule. Ba a cewa muna so ya ji sauƙi. Cewa ake nan da mako kaza muna so ya je banɗaki da dare shi kaɗai. Hukuma ma tana bibiya: ɗakin da ke son a biya shi a mataki mafi girma dole aƙalla kashi 70 cikin 100 na waɗanda ya sallama su koma gida ko mazauni mai kama da gida.

Gida shi ne alƙiblar komai. A cikin asibitin akwai wani sashe da aka gina tamkar gidan Bajapane: dakalin bakin ƙofa inda ake cire takalmi, ɗaki mai tabarmar tatami, kicin, da kwamin wanka mai zurfi irin nasu. Su ma mutane ne masu zaman ƙasa kamarmu, da yawansu a ƙasa suke shimfiɗa su kwana, don haka ana koya wa majinyaci yadda zai sauka ƙasa da yadda zai miƙe da ƙafa ɗaya mai ƙarfi. Na ga wata uwar gida tana yanka albasa da hannu ɗaya a kan katako mai ƙusoshi da ke riƙe albasar. Kafin sallama, masu koyarwa sukan bi majinyaci har gidansa da tef ɗin awo, su auna tsayin dakali da faɗin ƙofar banɗaki, su nuna inda za a kafa ƙarfen dafawa. Inshorar kula da gajiyayyu, wadda ita ma ta fara aiki a 2000, kuma kowa ke zuba mata kuɗi daga shekara 40, tana ɗaukar mafi yawan kuɗin gyaran gida har zuwa aikin yen 200,000, ta ba da hayar gado da keken guragu, ta kuma haɗa mutum da jami'in da zai tsara masa kulawa bayan ya koma.

Ba zan ce komai zam-zam ba ne. Ba kowa ke tashi ba; na ga waɗanda aka yi iyakar ƙoƙari amma sai gidan kula da tsofaffi za su wuce. Na ga waɗanda hannunsu bai dawo ba, sai dai an koya musu rayuwa da ɗayan. Baƙin ciki da karayar zuciya suna kama da yawa daga cikinsu, likitocin kuma suna ɗaukar wannan a matsayin ciwo mai buƙatar magani. Tsarin yana cin kuɗi mai yawa, ƙasar kuma tana kukan ƙarancin matasa masu aikin jinya. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne lokacin ziyara. Wasu gadajen babu wanda ya zo. Jami'ar walwala ta ce babbar matsalarta ita ce tsohon da ya warke daidai gwargwado amma shi kaɗai yake zaune, ko matar da za ta kula da shi ita ma ta haura tamanin. Da na ba ta labarin yadda a wurinmu majinyaci ɗaya kan samu 'ya'ya da jikoki da surukai da maƙwabta suna karɓa-karɓa a kansa, sai ta ce da suna da wannan, da rabin aikinta ya ragu.

Wannan magana tata ita ce darasin tafiyata. Su suna da tsari amma hannaye sun yi musu ƙaranci. Mu muna da hannaye, ilimin sarrafa su ne ya yi mana ƙaranci. Ciwon kuma ba baƙonmu ba ne. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini ne babban musabbabinsa a wurinmu, kuma yana kama mutane da yawa tun suna tsakiyar ƙarfinsu, masu iyali a wuya. Ba sai mun jira na'urar Toyota ba. Manyan asibitocinmu suna da sashen gashi, jami'o'inmu suna yaye likitocinsa. Abin da ya rage shi ne a ware gadaje inda majinyaci zai zauna makonni yana atisaye kullum, maimakon a ce ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako daga ƙauye a bayan babur, sannan a zaunar da masu jinya a koya musu aikin kafin sallama. Burinmu ma a bayyane yake: ya ci tuwo da hannunsa, ya kewaya shi kaɗai, ya yi alwala, ya yi sallah ko a zaune ne, tunda addini ya sauƙaƙa, ya fita ƙofar gida ya zauna cikin jama'a. Kujera mai rami a kan masai da ƙarfen dafawa a jikin bango ba su fi ƙarfin maƙerin unguwa ba.

Don haka, ya kai mai karatu, idan ka ga bakin wani ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe farat ɗaya, kada a tsaya shafe-shafe da hayaƙi. A garzaya asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, shi ma sai bayan an ɗauki hoton kai. Idan Allah ya sa ya tsallake, a nemi likitan gashi tun yana gadon asibiti, kada a bari sai wata ya shuɗe. Kada a ba shi ci ko sha yana kwance. Kada a fizge shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. A riƙa auna jininsa, ya sha maganinsa ba fashi. Idan kuma ya kama rigarsa yana fama da maɓalli, ki zauna kusa da shi, 'yar'uwa, ki ƙarfafa masa gwiwa, amma ki bar shi ya ɓalla da kansa. Ga hukumomin lafiya na jihohinmu kuwa, lokaci ya yi da kowane babban asibiti zai samu ɗakin farfaɗo da masu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.